BABI NA UKU: HANYOYIN ƘARA MALALAR RUWAN SAMA ZUWA TAFKIN GONA A YANKIN SABIYAL

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an kawo taƙaitaccen bayani game da garin Sabiyal da sana'o'in mutanensa. Wannan babi kuwa zai duƙufa ne a kan wata matsala da ke ci wa mai noman rani tuwo a ƙwarya, wato ya kashe kuɗi da ƙarfi wajen haƙa tafki a gonarsa, amma damina ta wuce tafkin bai cika ba, ko kuwa ya cika da yashi maimakon ruwa. Za a bayyana abin da ke sa ruwan sama ya malala, da yadda ake lissafa yawansa, da dabarun da ake bi a ƙara shi, sannan da yadda ake tsare shi bayan ya shiga tafki. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, cikar tafki ta dogara ne a kan filin da ke zuba masa ruwa, kuma wajibi ne a nemo wannan ruwa daga ƙasar da ba a nomawa, domin kada a gyara tafki a kashe gona.

3.1 Yanayin Ƙasa da Ruwan Sama a Yankin

Sabiyal gari ne a ƙaramar hukumar Aliero, wadda take cikin masarautar Gwandu tare da Jega da Maiyama. Dukkansu suna cikin Jihar Kebbi, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 27 ga Agusta, 1991. Babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Tambuwal da Aliero da Jega da Maiyama, ta nufi Koko da Yawuri. Gulbin Zamfara, wanda ake kira Gulbin Gindi a wannan sashe, ya ratsa ta kusa da Jega kafin ya haɗu da Gulbin Sakkwato. Ƙasar Aliero ta yi suna a duk faɗin Nijeriya wajen noman albasa, kuma mafi yawan wannan noma da rani ake yin sa, ta hanyar ban ruwa.

A mafi yawan shekaru ruwan saman da ke sauka a yankin yana tsakanin milimita 700 zuwa 900. Damina takan faro a watan Mayu ko Yuni, ta kai ƙarfinta a Agusta, lokacin marka, ta ɗauke a ƙarshen Satumba ko farkon Oktoba. Ke nan ruwan shekara guda yana sauka ne cikin wata huɗu zuwa biyar, sauran watanni bakwai kuwa ko ɗigo ba a samu. Haka kuma ruwan yakan zo ne da ƙarfi cikin ɗan lokaci, ta yadda ƙasa ba ta iya shanye shi duka. Tarihi ya nuna cewa shekaru ba su zuwa daidai da juna. An yi fari mai tsanani a 1973 da 1984, an kuma yi ambaliyar da ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Jihar Kebbi a 2020.

Manomin da gonarsa ke cikin fadama yana samun ruwa a kusa, ta hanyar rijiya ko bututun da ake bugawa cikin ƙasa a ja ruwa da inji. Wannan dabara ta yaɗu sosai a ƙarƙashin shirin Fadama na farko da aka soma a 1993 da rancen Bankin Duniya. Manomin tudu kuwa ruwansa na da nisa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin jan ruwa da inji ya ƙaru ƙwarai. Wannan ne ya sa tara ruwan damina a tafki ya zama abin da ya cancanci a sake duba shi da idon basira.

3.2 Ma'anar Malale da Filin Malale

Idan ruwan sama ya sauka, kashi uku yake rabuwa. Wani ya nutse cikin ƙasa, wani ya koma sama da zafin rana da iska, wani kuma ya bi gangare yana gudu a bisa ƙasa. Wannan na ƙarshe shi ake nufi da malale a cikin wannan nazari. Filin malale kuwa shi ne dukkan filin da ruwansa ke gangarowa ya ƙare a cikin tafkin da ake magana a kai. Kason malale shi ne adadin da ya malala daga cikin kowane kashi 100 na ruwan da ya sauka.

Abubuwa huɗu ne ke ƙayyade wannan kaso. Na farko shi ne irin ƙasa, domin jigawa tana shan ruwa da sauri, alhali laka da marmara da fako ba su sha sai kaɗan. Na biyu shi ne abin da ya rufe ƙasar, saboda ciyawa da karmami da duwatsu suna tare ruwa su ba shi damar nutsewa. Na uku shi ne gangare da tsawonsa. Na huɗu kuwa shi ne ƙarfin ruwan da kuma damshin da ya tarar a ƙasa. Yayyafi na milimita biyar ba ya haifar da malale a jigawa ko kaɗan, amma ruwa mai ƙarfi da ya sauka a kan ƙasar da ta riga ta jiƙe yakan gudu kusan gaba ɗaya. Akwai kuma wani abin lura da masana suka tabbatar, wato ƙaramin fili ya fi babba ba da kaso mai yawa, domin duk tsawon tafiyar da ruwa ya yi, to yana raguwa a hanya.

3.3 Lissafin Ruwan da Ake Bukata

Kafin a ɗaga diga, ya kamata a yi lissafi. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya daidai take da lita ɗaya. A kan hekta ɗaya, wato murabba'in mita 10,000, ta zama lita 10,000. Domin sauƙin lissafi za a yi amfani da kubik mita, wadda take daidai da lita 1,000, ko kuma duro biyar mai cin lita 200.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa albasa tana bukatar ruwa tsakanin milimita 350 zuwa 550 daga dashe zuwa cira. Alal misali, a ɗauka manomi yana son ya noma rubu'in hekta, wato murabba'in mita 2,500, a kan milimita 500. Abin da shukar za ta sha shi ne kubik mita 1,250. Da yake ban ruwa ta hanyar kwarara a fangali yana ɓarnatar da ruwa mai yawa a magudana da ƙarƙashin saiwa, sai a ƙaddara kubik mita 2,000. Idan aka ƙara abin da rana da ƙasa za su sha daga tafkin kansa, bukatar za ta kai kimanin kubik mita 3,000.

Ba a yin wannan lissafi da shekara mai albarka, da shekara mai ƙarancin ruwa ake yi. In an ɗauki milimita 600, to kowace hekta ta karɓi kubik mita 6,000. Critchley da Siegert (1991) sun nuna cewa kason malale a filayen tara ruwa yakan kasance tsakanin kashi 10 zuwa 50 cikin 100. A jigawa mai ciyawa yana iya yin ƙasa da haka. Ga yadda sakamakon zai kasance:

(i) Jigawa mai ciyawa, kashi 5 cikin 100: kubik mita 300 a hekta, ana bukatar hekta 10.
(ii) Fako da ba a gyara ba, kashi 15 cikin 100: kubik mita 900 a hekta, ana bukatar fiye da hekta 3.
(iii) Fako da aka share aka daɓe, kashi 30 cikin 100: kubik mita 1,800 a hekta, ana bukatar ƙasa da hekta 2.

Wannan lissafi misali ne kawai, amma ya fito da dalilin da ya sa tafkuna da yawa ba su cika. Manomin da ya haƙa babban rami a tsakiyar hekta biyu ta jigawa, abin da zai samu bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na bukatarsa ba, komai zurfin ramin.

3.4 Ƙasar da ta Dace a Nemi Malale Daga Gare ta

A nan ne ake samun karo tsakanin shawarwari biyu da malaman gona ke bayarwa. A ɗaya hannun ana koya wa manomi ya hana ruwa gudu daga gonarsa, ya yi kunya a gicciyen gangare, ya bar karan gero a ƙasa, ya zuba taki. A ɗaya hannun kuma tafki yana bukatar ruwa mai gudu. Duk ruwan da ya fita daga gonar gero ko dawa, ruwa ne da shuka ta rasa, kuma yana tafiya da ƙasar sama da takin da ke cikinta. Saboda haka share gona a mai da ita sumul domin a cika tafki asara biyu ce, hatsi ya ragu, tafki kuma ya cika da turɓaya.

Mafita ita ce a raba ƙasa gida biyu. Ƙasar noma a ci gaba da riƙe mata ruwanta. Ƙasar da ba ta fitar da amfani kuwa ita za a mayar filin malale. A yankin Aliero da Jega da Maiyama akwai irin wannan ƙasa, domin ana samun tuddai masu shimfiɗaɗɗen kai da marmara ta rufe, da fako mai tsakuwa a gindinsu inda sabara da geza kaɗai ke fitowa. Bayan su akwai hanyoyin mota, da filayen kasuwa da na makarantu, da rufin kwano. Duk waɗannan wurare suna zubar da ruwa a kowace damina, kuma sau da yawa wannan ruwa ne ke yanka kwazazzabo a gonakin da ke ƙasa da su. Karkata shi zuwa tafki jifan tsuntsu biyu ne da dutse ɗaya.

Abin da aka yi a maƙwabta ya ƙarfafa wannan ra'ayi. A Keita ta Jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar, shirin da aka soma a 1984 da taimakon ƙasar Italiya ya yi amfani da ruwan da ke gudu daga fako, aka tare shi da jerin duwatsu da ramuka da ƙananan madatsu, har ƙasar da ta mutu ta koma fitar da itatuwa da hatsi. A Barkina Faso kuma marigayi Yacouba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023, ya shahara wajen farfaɗo da fako ta hanyar haƙa ramukan shuka da ake zuba wa taki. Wannan yana nuna cewa fako yana da amfani iri biyu, ko dai a farfaɗo da shi a noma, ko a bar shi ya shayar da tafki. Ya rage ga masu ƙasa su zaɓi wanda ya fi musu, amma ba a haɗa biyun a fili ɗaya.

3.5 Dabarun Ƙara Malale

3.5.1 Sharewa da Daɓe Fako

Dabara mafi sauƙi ita ce a tsince duwatsu da tsakuwar da ke kwance a kan fako, a cike ƙananan ramukan da ruwa ke kwanciya a ciki, a baje ƙasar, sannan a daɓe ta tana da ɗan damshi, kamar yadda mata ke daɓen ɗaki da maɗaɓi. Ƙasar da ta bushe ƙurmus ba ta daɓuwa, wadda ta yi caɓi ma haka, don haka lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ruwan farko. Wannan dabara tsohuwa ce. A hamadar Nageb, inda ruwan shekara bai wuce kimanin milimita 100 ba, mutanen da suka tara duwatsun gangare tsibi-tsibi domin ruwa ya gudu zuwa gonakinsu na kwari. Gwajin da Michael Evenari da abokan aikinsa suka soma a can a 1959 ya tabbatar da cewa kwashe duwatsun yana ƙara malale. Duwatsun da aka tsince ba a zubar da su, domin za su yi amfani a bakin tafki kamar yadda za a gani a gaba. Sharaɗin wannan aiki shi ne gangaren ya kasance mai sauƙi. Idan ya yi tsaye, to sharewa za ta jawo zaizaya.

3.5.2 Kunyoyin Daɓe

A Yammacin Ostareliya, tun wajen shekarun 1950, manoma suna amfani da gireda su tayar da manyan kunyoyi masu faɗi a jere, masu doro kamar titi, su fito da lakar ƙasa ta koma sama, su danne ta da injin daɓe. Ruwan da ya sauka a doron kunya ba ya yin tafiya mai nisa sai ya faɗa kwarin da ke tsakanin kunyoyi biyu, daga nan ya bi babbar magudana zuwa tafki. Hikimar ita ce gajarta tafiyar ruwa a kan ƙasa, ta yadda ko matsakaicin ruwa zai ba da malale. Wannan hanya tana da tsada ga mutum ɗaya, kuma ba ta yiwuwa sai inda akwai laka kusa da sama. Ta fi dacewa da ƙungiyar manoma ko ƙaramar hukuma, musamman a lokacin da injinan gyaran hanya suke kusa.

3.5.3 Magudanar Tare Ruwa

Sau da yawa ruwa yana nan, sai dai yana wucewa ta gefen tafki. Magudanar da aka haƙa a gicciyen gangare, aka tara ƙasarta a gefen ƙasa ta zama shinge, tana iya tattaro ruwan fili mai faɗi ta kai shi bakin tafki. Ta wannan hanya ana iya ninka filin malale ba tare da an taɓa ƙasar ba. Abin kiyayewa shi ne gangaren magudanar. Kada ya wuce kimanin rabin mita a kowace mita 100. In ya fi haka ruwa zai yi gudu ya ci magudanar ta zama kwazazzabo, in kuma babu gangare ko kaɗan yashi zai toshe ta ruwa ya fasa shinge. Ana iya auna wannan da farin tiyo mai cike da ruwa irin wanda magina ke amfani da shi. Ya fi kyau magudana ta kasance mai faɗi marar zurfi, a kuma dasa gamba ko jema a kan shingen domin saiwarsu ta riƙe ƙasa.

3.5.4 Ruwan Hanya

Hanyar mota fili ne da aka riga aka daɓe da kuɗin hukuma. Hanyar marmara mai faɗin mita 6 da tsawon kilomita ɗaya tana da murabba'in mita 6,000. A shekara mai milimita 600 za ta karɓi kubik mita 3,600, kuma ko rabi ne ya malala an sami 1,800, daidai da hekta guda ta fakon da aka gyara. Hanyar kwalta ta fi haka bayarwa. Ana ɗaukar ruwan ne daga lambatun gefen hanya ko daga bakin kwalbati, a bi da shi ta magudana. Manoman Machakos da Kitui a Kenya da na Tigirai a Habasha sun daɗe suna cin moriyar wannan dabara. A ƙasar Hausa ma kududdufan da masu aikin hanya suka bari bayan sun ɗebi marmara sukan riƙe ruwa har cikin rani, kuma gyara su ya fi haƙa sabo araha. Sai dai ba a toshe kwalbati, ba a kuma fasa jikin hanya, kuma wajibi ne a nemi izinin hukumar da ke kula da ita. Ruwan hanya yana ɗauke da ƙazanta da ɗigon mai, don haka na ban ruwa ne, ba na sha ba.

3.5.5 Rufin Kwano

Rufin kwano ya fi kowane fili ba da kaso mai yawa, kimanin kashi 80 cikin 100 ko fiye. Amma faɗinsa kaɗan ne. Rufi mai murabba'in mita 100 zai ba da lita 48,000 a shekara mai milimita 600, wato kubik mita 48 kacal. Wannan ba zai shayar da gonar albasa ba, amma ya isa rainon iri da shayar da 'yan dabbobi idan aka tara shi ta indararo zuwa tanki mai murfi.

3.6 Rage Gudun Ruwa da Tace Shi

Duk dabarar da ta ƙara malale tana ƙara yashi da laka. Saboda haka kafin ruwa ya shiga tafki sai a bi da shi ta matakai biyu. Na farko shi ne jerin duwatsu da layin gamba ko jema a gicciyen magudana, waɗanda ke karya ƙarfin ruwa. Na biyu shi ne ƙaramin rami mai zurfin kimanin mita ɗaya da ake haƙawa gab da tafki, inda ruwa zai tsaya yashi ya kwanta kafin ya tsallaka. Yasar wannan rami da shebur bayan kowane babban ruwa ta fi yasar tafki sauƙi nesa ba kusa ba, kuma lakar da aka kwaso taki ce a gona. Mashigar ruwa kuma a shimfiɗe ta da duwatsu har ƙasan tafki, domin kada ruwa ya ci bango.

Haka kuma tilas ne a yi wa tafki mafitar rarar ruwa. An yi lissafin filin malale ne da shekarar ƙaranci, ke nan a shekara mai ruwa da yawa tafkin zai cika tun a Agusta, sauran ruwan kuma sai ya nemi hanya. In ba a tanadar masa ba zai haura ta kan shinge ya fasa shi, aikin shekara ya rushe cikin dare ɗaya. Mafitar ta kasance mai faɗi, a kan ƙasa mai tauri da ba a taɓa haƙawa ba, a ƙasa da kan shinge da aƙalla rabin mita, kuma ta mayar da ruwan ga tsohuwar hanyarsa.

3.7 Tsare Ruwa a Cikin Tafki

Ruwan da aka sha wahalar tarawa yana da ɓarayi biyu, rana da ƙasa. A lokacin hunturu da bazara, zafi da busasshiyar iska suna iya ɗauke milimita 6 ko fiye daga fuskar ruwa a kowace rana. Cikin kwana 150, daga Oktoba zuwa Fabrairu, an rasa kimanin santimita 90. Idan aka kwatanta tafki biyu masu cin kubik mita 1,200 kowanne, na farko mai faɗin murabba'in mita 1,200 da zurfin mita ɗaya, na biyu mai faɗin 400 da zurfin mita uku, za a ga na farko ya rasa 1,080 ya rage 120, na biyu kuwa ya rasa 360 ya rage 840. Saboda haka tafki mai zurfi marar faɗi shi ne ya dace da wannan yanki. Shingen itatuwa ta gefen arewa maso gabas, inda iskar hunturu ke fitowa, yana taimakawa, muddin an dasa su nesa da bango don kada saiwa ta huda shi.

Game da tsiyaya ta ƙasa kuwa, ya kamata a fara haƙa ramin gwaji har zurfin da ake so. Idan ƙasar da aka fito da ita, bayan an jiƙa ta, ta murzu ta yi tsawo kamar igiya ba ta karye ba, to tana da lakar da za ta riƙe ruwa. In yashi ce, sai a shimfiɗa laka mai kaurin santimita 20 zuwa 30, ana zubawa kaɗan-kaɗan ana daɓewa, ko kuma a shimfiɗa leda mai kauri a rufe ta da ƙasa. Bangon tafki kada ya yi tsaye, a kwantar da shi mita biyu a kowace mita ɗaya ta zurfi. Ya kamata kuma a sani cewa ruwan da ya tsiyaye ba duka ne asara ba, domin yakan ɗaga ruwan rijiyoyin da ke kusa. A kan wannan hikima ce ƙungiyar Rajendra Singh ta farfaɗo da rijiyoyin ƙauyuka a Rajastan ta Indiya tun daga 1985, ta hanyar gina ƙananan tafkuna.

3.8 Haƙƙin Maƙwabta da Kiwon Lafiya

Ruwan da mutum ya tare, akwai wanda yake isa gare shi a da. Yana iya zama manomin da ke ƙasa, ko tafkin gari, ko mashayar makiyaya. Fiƙihun Malikiyya, wanda jama'ar yankin ke bi, ya ba na sama damar ya fara shayar da gonarsa daga ruwan kwari gwargwadon bukata, sannan ya sake shi ga na ƙasa, bai ba shi damar ya riƙe duka ba. Bugu da ƙari, fako da burtali galibi ba na mutum ɗaya ba ne, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin ba da izinin amfani da filayen karkara. Don haka kafin a ja magudana sai a zauna da mai unguwa da hakimi da ardon Fulani da maƙwabta. Ware wa dabbobi wurin sha a wajen shingen tafki yana kare bango daga kofato, yana kuma toshe ƙofar rigima. Aikin da aka yi da yardar kowa ana iya yin sa da gayya, kuma yasa ta shekara-shekara ba za ta gagara ba.

Ta fuskar lafiya, ruwa mai kwanciya matattara ce ta sauro da kuma dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya. An tabbatar da kawar da kurkunu daga Nijeriya a 2013, kuma shan ruwan tafki ne ke yaɗa shi a da, don haka bai kamata a koma shan irin wannan ruwa ba tare da tacewa da tafasawa ba. Tafki mai zurfin mita uku kuma haɗari ne ga yara, musamman mai shimfiɗar leda saboda santsi. Kewaye shi da ƙaya ko waya, da yin matakala a gefe ɗaya, wajibi ne daga ranar farko.

3.9 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa ruwan saman da ke sauka a yankin Sabiyal ba kaɗan ba ne, sai dai yana zuwa cikin ɗan lokaci ya wuce. An nuna cewa girman filin malale da irin ƙasarsa su ne ke cika tafki, kuma fako da hanya da rufi su ne wuraren da ya dace a nemi ruwa, gonar hatsi kuwa a bar mata nata. An kuma bayyana cewa ƙara malale ba shi da amfani sai an haɗa shi da ramin tace yashi, da mafitar rara, da zurfi, da laka a ƙasa, da yardar maƙwabta. Lissafin da aka kawo ya nuna cewa tafkin mutum ɗaya da wuya ya ɗauki babbar gonar albasa har ƙarshen rani. Inda ya fi amfani shi ne rainon iri, da ceton shuka idan ruwa ya yi tsaiko a tsakiyar damina, da ban ruwan watannin farko bayan dashe, wanda ke rage kuɗin man inji. Babi na gaba zai duba kuɗin da aikin ke ci, da rawar da Hukumar Raya Aikin Gona da Karkara ta Jihar Kebbi da jami'ar kimiyya da fasaha da aka kafa a Aliero a 2006 za su iya takawa wajen auna filaye da horar da manoma.